Kan Jirgin Kuroiwa Mai Zuciya Biyu

A ƙungiyar masu ƙananan jiragen ƙasa na wasa ta unguwar bayan tasha, a garin Tosu, mutum goma sha ɗaya ne. Goma daga cikinsu suna da jirgi. Na sha ɗayan shi ne Kuroiwa, shi kuma yana da bayani.

Shekara talatin da huɗu ya yi yana aiki a tashar jirgin ƙasa, a ofishin ajiyar kayan da fasinjoji suka manta. Mafi yawan abin da ya ratsa hannunsa laima ce, sai safar hannu wari ɗaya, sai haƙoran roba jefi-jefi. Amma tun da ya yi ritaya, ba ya buɗe baki sai da "mu ma'aikatan jirgi". Duk ranar Asabar, idan tsofaffin suka haɗa teburansu a zauren taron unguwa, suka shimfiɗa dogo mai faɗin ɗan yatsa ya zagaye dutse da ƙauye da gada, Kuroiwa zai goya hannu a baya ya riƙa bin su yana kushe. Ga wanda birkinsa ya yi gaggawa, ga wanda ya shiga kwana kamar mai gudun gobara, ga wanda ba zai kai mako ba a aikin jirgi na gaske.

Abin da ke ci masa rai hula ce. Baƙar hular shugaban tasha ce mai jan ƙyalle a zagaye, ta gaske, wadda wani ɗan ƙungiya ya bar musu kafin ya rasu. Kowace shekara a bikin unguwa na watan Nuwamba, duk wanda kan jirginsa ya ja taragu shida ya zagaya sau uku ba tare da an sa masa hannu ba, kuma ya fi burge jama'a, shi zai sa hular har shekara ta zagayo. Shi ke busa usur, shi ke cewa a tashi, shi ke cewa a tsaya. Shekara bakwai ke nan hular tana kan Umezu, tsohon likitan haƙori mai magana ƙasa-ƙasa, wanda hannunsa bai taɓa rawa ba.

Wata Asabar, saura mako biyar biki, Umezu ya fito da sabon kan jirgi yana goge shi da auduga. Kuroiwa ya leƙo ta kafaɗarsa.

"Ka sake saye, Umezu-san? Ai kowa ya iya buɗe kwali."

"Gaskiya ne," in ji Umezu, bai ɗago ba. "Ko da yake akwai wanda har yau ko kwalin bai buɗe ba."

Mutum biyu suka yi tari a lokaci ɗaya. Kuroiwa ya ji kunnuwansa sun ɗauki zafi. Ya nufi ƙarƙashin dandamali ya jawo akwatin da ƙungiya ke kira maƙabarta, inda ake zuba duk abin da ya lalace tun shekara talatin da suka wuce: injuna ƙonannu, ƙafafu marasa abokai, rufi babu gangar jiki, gangar jiki babu rufi. Ya dire shi a tsakiyar zaure.

"Daga nan zan tayar da kan jirgi na dizal," ya ce. "Irin jajayen nan masu inji biyu, ɗakin direba a tsakiya, hanci gaba hanci baya. Ko ƙusa ba zan saya ba. Kuma nawa zai yi hayaƙi."

Okabe, shugaban ƙungiya, shekararsa tamanin da shida, kunnensa ya yi nauyi. Ya sa hannu a bayan kunne.

"Me ya ce?"

"Ya ce zai tayar da matattu, Shugaba."

"To, madalla. Ya fara da ƙafata ta hagu."

Kuroiwa ya kai akwatin gida a bayan keke, ya zazzage shi a kan teburin cin abinci. Matarsa Fusae ta yi shekara arba'in tana sauraronsa, har ta ƙware wajen amsa masa da kalma ɗaya ko biyu. Ta dubi tarkacen, ta ɗauke tukunyar shinkafa ta mayar kan kantar kicin.

"Mako biyar kawai, Maman yara. Bayan nan za ki zama matar shugaban tasha."

"To."

Ya zaɓi matattun kawunan jirgi biyu waɗanda injinsu ke motsi idan an taɓa musu waya. Ɗaya kore ne, ɗaya ruwan toka, kuma koren ya ɗan fi faɗi. Ya ce wannan ba komai, a jirgi na gaske ma ba a rasa irin haka. Ya ɗauki ƙaramin zarto zai raba kowanne biyu. Ya raba na farko lafiya. A na biyu yana cikin yi wa Fusae bayanin yadda ake riƙe zarto, sai ya ji aikin ya yi tauri, ya ƙara ƙarfi. Da ya ɗaga, ya ga tuni ya gama da jirgin, ya shiga tebur da kimanin rabin ɗan yatsa.

"Itacen teburin nan ba shi da ƙwari," ya ce.

"Na mahaifiyarka ne."

"Ita ma ta sha faɗa."

Ɗakin direba bai samu wanda ya dace ba, sai ya ciro na wani jirgin da ya fi waɗannan girma. Da ya ɗora shi a tsakiya, abin ya yi kama da mutum mai ƙaramin jiki da ya ari hular yayansa. Ya tsiyaya gam mai kama nan take, ya danna rufin da babban yatsa ya ƙirga ashirin. Da ya ɗaga hannu, jirgin ya biyo shi.

A haka ya ci abincin rana, tsinken cin abinci a hannun hagu, kan jirgi a hannun dama. Fusae ta kawo ruwan ɗumi a kwano ta ajiye masa. Bayan sa'a guda yatsan ya fita, ya bar zanensa ɓaro-ɓaro a kan rufin.

"Duk mai sana'a yana barin alama a aikinsa," in ji Kuroiwa.

"'Yan sanda ma haka suke cewa," in ji Fusae.

Washegari ya tarar tururin gam ya mayar da tagogin ɗakin direba fari fat. Ya ce jirgin arewa ne, ƙanƙara ce.

Sai batun fenti. A maƙabarta akwai gwangwanin ja, amma ya bushe ya zama dutse. Kuroiwa ya riga ya rantse ba zai sayi komai ba. Ya bincike gidan, ya buɗe aljihun tebur inda ake ajiye takardu, ya ci karo da ɗan gwangwanin jar tawadar da suke dangwala hatimi a ciki. Launinta shi ne ainihin jan da yake nema. Ya shafe jirgin da ita tun daga hanci har hanci, ya ajiye a taga ya bushe. Kwana uku bai bushe ba. Kwana bakwai bai bushe ba. Labule ya yi ja, marfin firiji ya yi ja, kyanwar gidan ta fito da jan kunne. Da mai kawo saƙo ya zo da ƙunshi ya nemi a buga hatimi, Fusae ta buɗe gwangwanin ta ga wayam, ta je taga ta dangwala hatimin a gefen jirgin, ta buga masa.

Saura mako biyu, Umezu ya zo da rana da ledar 'ya'yan itace daga bishiyar gidansa. Ya ce wucewa yake yi. Kuroiwa ya san leƙen asiri ne, kuma ya ji daɗi. Ya zaunar da shi, ya kifa jirgin a kan tsumma ya nuna masa cikinsa.

"Ga inji na gaba, yana kallon gaba. Ga na baya, na juya shi yana kallon baya. To, a nan ne wanda bai yi aikin jirgi ba zai faɗi. Tunda na baya ya juya, ai baya zai ja. Saboda haka na sauya masa wayoyi, ja ta koma wurin baƙa, baƙa ta koma wurin ja. Yanzu dukansu gaba za su yi."

Umezu ya sunkuya yana kallon wayoyin.

Akwai abin da kowane ɗan ƙungiya ya sani tun ranar da ya fara ɗora jirgi a dogo. A wannan wasa inji ba ya bin inda fuskarsa take kallo, wutar da ke cikin dogo yake bi. Ka ɗauke kan jirgi ka juya shi ka mayar, inda yake tafiya ɗazu can zai ci gaba da tafiya. Inji biyu da aka haɗa baya da baya ba sa bukatar a taɓa musu komai. Kuroiwa kuwa bai taɓa ɗora jirgi a dogo ba.

Umezu ya ja iska ta tsakanin haƙora, ya ɗan karkatar da kai.

"Wannan kam, Kuroiwa-san, da ɗan wuya."

Duk wanda ya girma a ƙasar nan ya san idan mutum ya karkatar da kai ya ce abu da ɗan wuya, nufinsa ba zai yiwu ba ko sama da ƙasa za su haɗu. Kuroiwa ma ya sani. Amma ranar kunnensa yabo yake jira.

"Da wuya ƙwarai," ya ce. "Shi ya sa ba kowa ke yi ba."

"Ka gwada shi a kan dogo?"

"Na taɓa masa waya, ƙafafu suna juyawa."

"Ina da guntun dogo a gida. In kawo maka?"

"Don ka ga gudunsa kafin ranar? Likita, haƙori ka sani. Bar wa ma'aikatan jirgi jirginsu."

Umezu ya miƙe ya yi sallama. A bakin ƙofa Fusae ta miƙa masa takalmansa, ta ga jan tabo a hannun rigarsa, ta ba shi haƙuri. Ya ce ba komai. Ya ƙara da cewa, ƙasa-ƙasa, ranar biki ta zauna nesa da tebur.

Hayaƙi ne ya rage. Kuroiwa ya huda rufin ɗakin direba, ya kafa ɗan bututu a ciki. Ya je gaban akwatin tunawa da magabata, ya tafa hannu ya nemi izinin mahaifinsa, ya kwashi turaren tsinke. Tsinke ɗaya hayaƙinsa siriri ne, bai yi kama da na dizal ba. Ya gwada uku, ya gwada biyar, ya gwada daka su ya cura. Kwana uku gidan yana turnuƙe, hayaƙi na fita ta tagar kicin yana bin layi, irin turaren da ba a kunna shi da yawa haka sai a gidan makoki.

Rana ta uku da hantsi aka buga ƙararrawar ƙofa. Kuroiwa ya buɗe. Maƙwabciyarsu ce, Egashira, wadda kuma ita ce mai kula da zauren taron unguwa. Tana sanye da baƙaƙen kaya tun daga sama har ƙasa, carbi a hannu, ido ya yi ja. Ta riga ta rusuna ta fara gaisuwar ta'aziyya kafin ta ɗago ta ga wanda ya buɗe mata.

"Kuroiwa-san. Kai ne."

"Ni ne mana."

"To wa ya rasu?"

Fusae ta leƙo daga kicin da tawul a hanci.

"Babu kowa tukuna, Egashira-san. Shigo ki sha shayi."

Egashira ba ta shiga ba. Ta hango jirgin a kan tebur yana tuttuɗo hayaƙi, ta mayar da carbinta cikin jaka a hankali.

"Na fasa zuwa asibiti ganin likitan gwiwa saboda kai," ta ce. "Bari in gaya maka tun yanzu. A zaurena ba a kunna wuta. Ko ashana."

"Ba wuta ba ce, hayaƙi ne."

"A zaurena ba a kunna hayaƙi."

"Na ji," in ji Kuroiwa, yana lissafin aljihun da zai ɓoye ashana.

Ranar biki zaure ya cika. Iyaye da 'ya'ya sun jeru bayan igiya, matan unguwa suna sayar da wainar shinkafa a bakin ƙofa, 'yan kwana-kwanan sa-kai na unguwa sun kafa rumfa a waje suna soya taliya. Teburan ƙungiya sun haɗu sun yi babban zobe. A gaban jama'a tasha take. A can ɗaya gefen kuma dutsen Okabe ne, wanda ya yi shekara ashirin yana ginawa da takarda da farar ƙasa, dogo ya shiga ta gefe ɗaya ya fita ta ɗaya. Tsakanin tasha da dutse akwai ƙauye, da gonakin shinkafa, da daji na soso da garin katako.

Mutum huɗu suka gwada. Na Umezu ya ja taragunsa shida ya zagaya sau uku shiru kamar mai tafiya a kan siliki, ya tsaya daidai bakin alama. Aka tafa. Umezu ya cire hular ya ajiye a kan tebur gaban Okabe, kamar yadda ake yi kafin hukunci.

Sai Kuroiwa. Ya zo da tsohuwar rigarsa ta aiki, ya sa farar safar hannu sabuwa. Ya buɗe akwati ya ɗauko jirgin da hannu biyu. Kafin ya kai shi dogo, safar ta koma ja har wuyan hannu. Wata mata ta ja 'yarta baya.

"Wannan tumatir ne ko jirgi?" wani ya tambaya daga cikin jama'a.

"Me ya samu tagoginsa?"

"An ce ƙanƙara ce."

"A Tosu, nan kudu?"

Kuroiwa bai kula su ba. Ya haɗa jirgin da taragu shida, ya sunkuya kamar mai duba ƙafafu, ya ƙyasta ashana a cikin tafin hannu. Hayaƙi ya fara fita ta rufi. Jama'a suka yi ɗan guna-guni na mamaki, wasu ma suka tafa. Egashira tana can bakin ƙofa tana ƙirga kujeru, ta ɗaga hanci.

Ya tsaya a gaban makunni ya miƙe tsaye ƙyam. Ya nuna fitilar ba da hanya da jan yatsa kamar yadda direbobi ke yi, ya nuna gaba, ya nuna baya, ya ɗaga murya.

"Hanya a buɗe. A tashi."

Ya murɗa makunni. Jirgin ya yi gurnani, ya yi karkarwa, bai motsa ba.

"Haka dizal na gaske yake," Kuroiwa ya gaya wa jama'a. "Sai ya ɗumama."

Ya ƙara wuta. Gurnanin ya koma kuka. Ƙafafun gaba suna tirje dogo suna neman gabas, na baya suna tirje dogo suna neman yamma, taragu suna kaɗawa a baya.

"Kuroiwa-san," in ji Umezu, "da ka rage."

"Ƙarfi ne ya yi masa yawa. Ba ku saba ganin inji biyu ba."

Ya murɗa makunnin har ƙarshe. Aka ji ƙas. Gam ya saki. Rabin gaba ya fita a guje shi kaɗai ya yi gabas. Rabin baya ya tura taragu shida da baya-baya ya yi yamma. Ɗakin direba ya zauna daram a kan dogo a tsakiyar tasha, yana hayaƙinsa cikin natsuwa.

Kawunan jama'a suka rabu, rabi na bin wannan, rabi na bin wancan. Okabe ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Nawa ya kawo?"

"Ɗaya, Shugaba."

"To wa ya kawo ɗayan?"

Dogo zobe ne, kowa ya ga abin da ke tafe. Rabin gaba ya shige dutsen ta gabas, wutsiyar taragu ta shige ta yamma. Aka ji ƙara a cikin dutse kamar an watsar da cokula a kwano. Ƙurar farar ƙasa ta fito ta baki biyu, wata bishiya ta gangaro daga ƙololuwa.

"Kashe wutar," in ji Umezu. Wannan karon bai karkatar da kai ba.

"Ma'aikacin jirgi ba ya barin fasinja a cikin rami," in ji Kuroiwa. Ya danna maɓallin juya wuta.

Da wuta ta juya, kowane inji ya juya. Rabin gaba ya fito daga dutse da baya-baya. Rabin baya ya fito da gaba, yana jan taragu huɗu da rabin na biyar. Suka sake ɗauko zoben a guje, kowanne ta hanyar da ya zo, suka nufo tasha, inda ɗakin direba ke zaune yana jiran su.

"Ku duba da kyau," in ji Kuroiwa, muryarsa ta ɗan siranta. "Yanzu zai haɗe da kansa."

Ya haɗe. Ɗakin direba ya tashi sama ya kusa taɓa fitila, ya juya sau biyu, ya watsa garwashin turare a kan dajin soso da garin katako. Dajin ya kama. Hayaƙin da Kuroiwa ya yi kwana uku yana nema bai samu ba, baƙi ƙirin mai kauri, ya tashi ya doki rufin zaure. Ƙararrawar gobara ta ɗauka.

Iyaye suka kwashi 'ya'ya. Egashira ta ratso jama'a da gwiwarta mai ciwo, ɗauke da babbar butar shayin da aka dafa wa baƙi, ta juye ta duka a kan dajin. Wutar ta mutu. Shayin ya bi gangare ya cika gonakin shinkafa, ya shiga ƙauye, ya tafi da 'yan mutanen roba da ke jiran jirgi a tasha. Daidai lokacin 'yan kwana-kwana su shida suka faɗo zauren da rigunan girki, biyu da tulun kashe gobara, ɗaya da ludayin juya taliya.

Aka kashe ƙararrawa. Shayi na ta ɗiga daga gefen tebur.

Kuroiwa ya gyara murya ya juya wajen Okabe.

"Shugaba, idan an lura, rabi ya je ya dawo, rabi ya je ya dawo. In an haɗa, zagaye biyu ke nan. Kuma ban sa masa hannu ba."

"Uku ake nema," in ji Okabe. Wannan ya ji shi sarai. Idonsa na kan dutsensa.

"Kuroiwa-san," in ji Egashira, butar tana hannunta har yanzu. "Ga jama'a, ga Shugaba, ga ni. Muna jira."

Babu hanyar fita. Kuroiwa ya haɗa ƙafafu, ya manna jajayen hannuwansa a cinya. Ya ƙudura a ransa cewa in dai ban haƙuri ne, zai yi wanda ba a taɓa gani ba a zauren nan. Ya ce ba shi da bakin magana, ya rusuna da ƙarfi har goshinsa ya kusa kai gwiwa. Wani abu ya ce ƙas a ƙugunsa, irin ƙarar da jirgin ya yi ɗazu.

Jama'a suka rusuna kaɗan suka ɗago. Kuroiwa bai ɗago ba.

"Ya isa," in ji Egashira bayan ɗan lokaci. "Ɗago kanka."

Bai ɗago ba. Gumi ya fara ɗiga daga hancinsa zuwa ƙasa.

"Kuka yake yi," wata mata ta raɗa.

Egashira ta ajiye buta ta sake rusunawa, don bai kamata a bar dattijo shi kaɗai a ƙasa ba. 'Yan ƙungiya suka bi ta. 'Yan kwana-kwana suka bi su, har mai ludayi. Duk wanda ya saci ɗagowa ya ga Kuroiwa na nan yadda yake, sai ya koma. Minti biyu suka wuce, zaure duka a duƙe. Okabe ya share ido da bayan hannu ya ce shekara tamanin da shida bai ga nadama irin wannan ba, dutse kuwa ai takarda ne.

Umezu ya kasa jurewa. Ya ɗauki hular daga kan tebur, ya zo gaban Kuroiwa da ita a hannu biyu.

"Kuroiwa-san, ni na ga wayoyin nan, kuma ban faɗa maka a fili ba. Laifin har da ni. Mutumin da ya iya sunkuyar da kai haka ya fi ni cancanta. Bana kai za ka riƙe mana ita. Ɗago in sa maka."

Daga inda yake, Kuroiwa yana ganin jan ƙyallen hular, tazarar tafin hannu da goshinsa. Ya tattara duk ƙarfin da ya rage masa ya yunƙura. Abin da ya fito ƙaramin nishi ne kawai.

Fusae ta taso daga kujerar ƙarshe, can nesa da tebur, jakarta a hannu. Ta zagaya shi sau ɗaya, ta danna ƙugunsa da yatsa. Ya yi ƙara.

"Ku ɗago abinku," ta ce wa jama'a. "Ba nadama ba ce. Bayansa ne ya riƙe. Haka ya yi bara wajen ɗaura takalmi."

Zaure ya ɗago a hankali, kowa na dafe da ƙugu. Okabe ya daina share ido ya koma kallon dutsensa. Umezu ya dubi hular, ya dubi ƙeyar Kuroiwa, ya karkatar da kai ya ja iska ta tsakanin haƙora. Sannan ya fasa, ya mayar da hular bisa nasa kan, ya gyara mata zama.

A kan amalanken kwashe kujeru 'yan kwana-kwana suka fitar da shi, a naɗe kamar jatan lande, huɗu na turawa biyu na buɗe hanya. Fusae na biye da guntayen jirgin a cikin leda. Da suka fito fili, jama'ar da ke layin taliya suka dare suna kallo. Kuroiwa ya juyo da kai gefe iya yadda wuyansa ya yarda.

"Maman yara."

"Na'am."

"Kin ga cikar mutanen nan? Shekara bakwai Umezu yana zagaya teburin nan, ko sau ɗaya 'yan kwana-kwana ba su bar taliyarsu sun zo kallonsa ba."

"Ku bi da shi ta matakala," in ji Fusae. "Ta fi kusa."